Kainuwar teku: kundin aikin darasin ciyawa mai yawo, Yawuri

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

An buɗe wannan kundi domin malaman kimiyyar halittu da masuntan da ke cikin aikin su riƙa sanin inda aka kwana. Abin da ake son haɗawa shi ne darasi da Hausa ga ɗaliban babbar sakandare a kan sargasum, ciyawar da ke yawo a tsakiyar Tekun Atlantika ba saiwa ba ƙasa, da dalilin da ya sa rayuka masu yawa suka rataya a wuyanta. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin teku ba, amma babu ɗan Yawuri da bai san kainuwa ba, dashen Allah. Saboda haka za a fara da abin da ke bakin Kogin Kwara, a taɓa shi da hannu, a auna, sannan a ɗora na teku a kai, a nuna inda suka yi kama da inda suka raba hanya.

Akwai tsiro biyu da mutane ke kira kainuwa, dole a raba su a takardar rajista. Ta gida ita ce Pistia stratiotes, mai ganye kamar latas da laushin gashi. Baƙuwar kuwa ita ce Eichhornia crassipes, mai shuɗin fure da kumburarren wuyan ganye, asalinta Kudancin Amurka. An fara ganinta a Najeriya a ruwan Badagiri a 1984, ta iso Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar kogin nan daga Jamhuriyar Nijar. Ita ce ta fi haɗa manyan tabarmi masu yawo, ita za a fi ɗiba.

Abin da za a rubuta a allon farko: Tekun Sargaso, gidan sargasum na asali a cikin Atlantika, shi kaɗai ne tekun da ba shi da gaɓa. Manyan magudanan ruwa huɗu ne suka yi masa zobe, na Gulf Stream ta yamma, na Arewacin Atlantika ta arewa, na Kanari ta gabas, sai na arewacin ikwaita ta kudu. Faɗinsa murabba'in kilomita miliyan 4 zuwa 5 ne, gwargwadon inda aka ja iyaka, wato ya ninka Najeriya fiye da sau huɗu. Tsibiran Bamuda ne kaɗai ƙasar da ke cikinsa. Ruwansa shuɗi ne garau, kuma wannan tsabtar alamar talauci ce, don taki ya yi masa ƙaranci. A irin wannan fili, dunƙulen ciyawa mai girman faifai shi ne inuwa, shi ne rumbu, shi ne maɓoya.

Asabar, 20 ga Satumba

Fitar farko ba ta haifar da abin kirki ba. An yi koma mai firam ɗin ƙarfe, mita 1 tsawo mita 1 faɗi, da raga mai ido milimita 1, aka ɗaura mata gora mai tsawon mita 3. Kuskure uku aka yi. An tunkari tabarmar injin jirgi na aiki, ƙananan kifaye suka watse tun ana nesa. An zura komar daga sama, ta danne ciyawar maimakon ta shige ƙarƙashinta. Sannan firam ɗin ya yi girma: murabba'in mita ɗaya na baƙuwar kainuwa jiƙaƙƙiya ya fi ƙarfin mutum ɗaya a bakin gora, har gorar ta tsage a maɗaurin.

Gyaran da aka tsayar: a rage firam zuwa santimita 50 kowane gefe, jakar raga ta yi zurfin santimita 70 domin saiwoyin baƙuwar kainuwa na iya wuce rabin mita. A kashe inji tun ana mita 30, a ƙarasa da filafili, a zo ta wajen da ruwa ke gangarawa yadda tabarmar ce za ta taho ta sami jirgi. A nitsa koma a gefe, a tura ta a hankali ƙarƙashi, a ɗaga sau ɗaya ba tsayawa, wani ya yanke abin da ya leƙo bakin firam da lauje. Masu binciken sargasum ma da irin wannan komar hannu suke ɗibar dunƙule daga gefen jirgi, kuma matsalarsu ɗaya da tamu: manyan kifayen da ke shawagi ƙarƙashi ba sa shiga koma, abin da ya maƙale a ciyawa kawai ake samu.

Ba a hawa jirgi ba rigar kariya daga nutsewa, komai gwanintar mutum a iyo. Ruwa ya cika yanzu kuma akwai kututture. Safar hannu ta roba da takalmin ruwa su ma dole ne, saboda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya tana son saiwar kainuwa.

Wani labari da zai shiga darasin: jiya Maroko da Saliyo suka miƙa takardun amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare halittun tekun da ba na kowa ba, wadda aka zartar a Yunin 2023. Da haka adadin ƙasashe 60 da ake jira ya cika, za ta fara aiki a Janairun 2026. Mafi yawan Tekun Sargaso yana wajen ikon kowace ƙasa ne. Abin da ake da shi a baya na kare tekun shi ne Sanarwar Hamilton ta Maris 2014, wadda haɗin kai ne na ganin dama, ba doka mai hukunci ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Sabuwar koma ta yi aiki. An ɗebi samfuri goma, biyar ƙarƙashin tabarmi masu yawo a tsakiyar ruwa, biyar a fili nesa da kowace ciyawa da aƙalla mita 20.

Yadda ake wanke samfuri: a juye shi cikin baho mai lita 40 da ruwan kogi da aka tace, a kama kowace kainuwa a girgiza saiwarta sau uku, a ajiye gefe ta tsane minti 5, a auna a sikeli. Ruwan bahon a zuba ta rariya mai ido rabin milimita, abin da ya rage a juye a farin tire. Farin tire ɗin ba ado ba ne, a baƙin daro ba a ganin komai. Kifi a ƙirga, a ɗauki hoto kusa da rula, a mayar ruwa. Ƙananan halittu a sa a kwalba da barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a rubuta lamba da fensir a takarda a jefa ciki. Biro yana narkewa a barasa, kwalabe biyu sun rasa lambarsu ta haka.

Komar fili kusan wayam take fitowa. Ta ƙarƙashin tabarma kuwa tire sai ya yi ta motsi: 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, ƙananan ƙurungu da tarwaɗa, jatan lande sirara da ake hango hanjinsu, 'ya'yan mazari, matsattsaku, katantanwa. Masunta ba su yi mamaki ba. Wani dattijo cikinsu cewa ya yi, "Malam, ai shi ya sa tsage ke bin gefen kainuwa da safe, ba ganye yake ci ba."

Wannan magana ita ce zuciyar darasin, domin a teku ma haka take. An lissafa kifi sama da iri 100 da ƙananan halittu marasa ƙashin baya kusan iri 145 da ke hulɗa da sargasum, kuma kimanin goma daga cikinsu ba su da wani gida sai ita. Mafi shahara shi ne Histrio histrio, kifin da bai wuce santimita 20 ba, jikinsa duk zane da geza kalar ciyawar, fukafukan gefensa kamar hannaye yake kama reshe da su yana hawa. Baya farauta, lamɓo yake yi, ya haɗiye abin da ya kusa girmansa. Akwai ƙaguwa Portunus sayi da jatan lande Latreutes fucorum, duk sun ɗauki launin rawaya da ƙasa-ƙasa. A ƙarƙashinsu 'ya'yan kifayen kasuwa ne ke girma, manya irin su tuna da mahi-mahi suna sintiri a gefe, tsuntsayen teku suna sura daga sama.

Kifi mai tashi yana zuba ƙwansa a sargasum, ƙwayayen suna da zare mai danƙo da ke ɗaure rassan. Kwatancin da ya fi dacewa a nan gida shi ne yauni, wanda ke haɗa sheƙa mai yawo da ciyawa a fadama lokacin cikar ruwa. Duk ɗan masunci ya san wannan, za a fara da shi kafin a ambaci na teku.

Kainuwar da aka ɗiba ba a mayar da ita ruwa. A kai ta tudu ta bushe a ƙone. Tana iya ninka kanta cikin mako biyu, irinta kuma yana daɗewa shekaru a laka bai mutu ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sargasum da aka aiko daga gaɓar Legas ya iso a ruɓe. An cusa shi jiƙe cikin leda aka ɗaure baki, ya kwana uku a mota. Da aka kwance, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kori kowa daga ɗakin. Wannan iska ita ce haidirojin salfaid, tana fitowa ne in ciyawar ta taru ba iska, ƙwayoyin cuta suka fara cinta, kuma a bakin teku abin yana farawa cikin kwana biyu da fitowarta. Kaɗan daga cikinta tana sa hawaye da ciwon kai, mai yawa a rufaffen wuri tana kisa. An binne samfurin.

An aika sabon umarni. A tsinci wanda ke kan ruwa ko wanda igiya ta fito da shi yanzu, mai launin zinariya, ba wanda ya yi baƙi ba. A ɗauraye yashi da ruwan teku, kada a taɓa shi da ruwan famfo domin yana sa shi yauƙi. A shimfiɗa reshe ɗaya-ɗaya tsakanin tsumma da jarida, a danne da katako, a canja jarida kullum har kwana biyar. A aiko cikin ambulan na takarda. Wasu rassa biyar kuma a sa su kwalba da barasa domin ƙwallayen iskar da ke jikin rassan su riƙe siffarsu.

An kuma soke shawarar rainon sargasum mai rai a tankin gilashi. Gishirin girki giram 35 a lita ɗaya zai ba da ɗanɗanon teku, amma ba ruwan teku ba ne, babu sauran sinadaran. Ko masu ruwan teku na gaske suna shan wahala da ita, don tana son motsi ba yankewa, in ta tsaya wuri ɗaya sai ta lalace.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ma'aunin oksijin ya samu aro na mako biyu. A karon farko lambobin sun yi ta tsalle, ashe akwai kumfar iska a ƙarƙashin fatar bakin na'urar. An canja ruwan ciki, an sake saita ta, an bar ta minti 15 kafin awo. Ana awo a zurfin santimita 30, sau biyu a rana: da asuba kafin rana ta fito, lokacin da oksijin ya fi ƙasa, da ƙarfe biyu na rana.

Wuri uku aka gwada. A fili da ƙarƙashin ƙaramar tabarma mai yawo, bambancin bai taka kara ya karya ba, domin ruwa yana ratsawa ta ƙasa. A wani lungu da iska ta tara kainuwa ta toshe shi bakin-da-baki kuwa, awon asuba ya faɗi ƙasa da abin da yawancin kifi ke jurewa. Koma a can ba ta kawo karfasa ba, sai tarwaɗa mai shaƙar iska daga sama, da laka baƙa mai wari. Tsiro ɗaya ne, kogi ɗaya, tazarar bai kai tafiyar minti goma a jirgi ba.

A nan akwai bambancin da bai kamata malami ya tsallake ba. Ganyen kainuwa a sama yake, oksijin ɗin da yake yi iska yake tafiya, ruwa kuwa inuwa kawai yake samu da ruɓaɓɓen saiwa. Sargasum ba tsiro mai fure ba ne, dangin gansakuka ce mai launin ƙasa, jikinta a cikin ruwa yake, da rana tana zuba oksijin a ruwan. Kwatancin namu yana da iyaka ke nan. Amma in ta taru a gaɓa, ƙarshen labarin ɗaya ne da na lungun nan: haske ya yanke, ciyawar ƙasan teku da murjani su mutu, kifi ya taso.

Tun 2011 abin da ke faruwa ke nan. Sargasum ta kafa sabon sansani kudu da gidanta na asali, ɗamara guda daga gaɓar Afirka ta Yamma har Mashigin Meziko. Masu bincike na Jami'ar Kudancin Fulorida, da hotunan tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa a Yunin 2018 tsawonta ya kai kilomita 8,850, nauyinta ya haura tan miliyan 20. A Mayun 2025 ƙiyasin ya wuce tan miliyan 37. Tana fitowa a Meziko da tsibiran Karibiyan, a wannan ɓangaren kuma Saliyo, Gana da gaɓar Legas da Ondo, ta cika ragar masunta ta naɗe farfelar inji. Daga cikin dalilan da ake dangantawa akwai canjin iska da gudun ruwa na 2009 zuwa 2010 da ya kwaso iri daga Sargaso, da takin da Kogin Amazon ke zubarwa, da ruwan ƙasan teku mai taki da ke tasowa kusa da Afirka ta Yamma. Wani nazari na 2021 ya nuna naitirojin da ke jikin ciyawar ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 in aka gwada da shekarun 1980. A taƙaice an yi wa ciyawar hamada ban taki.

Ɗalibai za su tambaya ko ba za a ba dabbobi ko a yi taki da ita ba. Amsar: tana tara sinadarin asenik da gishiri mai yawa, ba a zuba ta gonar abinci ko gaban awaki sai an sarrafa an gwada.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Samfuri na biyu ya iso lafiya, busasshe, ya koma baƙi-baƙi kamar ganyen shayi. In an jiƙa shi minti 30 a ruwan gishiri giram 35 a lita yana buɗewa, ko da yake launin zinariyar ba ya dawowa.

Iri biyu ne ke rayuwa a kan ruwa tun daga farko har ƙarshe, Sargassum natans da Sargassum fluitans. Ba su taɓa manne wa dutse, ba sa yin iri, reshe ne ke karyewa kowane gutsure ya ci gaba da girma. Yadda ake raba su da gilashin ƙara girma mai ninki 10: a fara shafa kara. In yana da ƙananan ƙayoyi, fluitans ne, ganyensa ya fi faɗi, ƙwallayensa ba tsini. In kara sumul ne, natans ne, sai a dubi ƙwallo. Mai tsini a kai da siririn ganye shi ne tsohon nau'in da aka sani a Sargaso. Mai faffaɗan ganye ba tsini kuwa shi ne nau'in da da can ba a cika gani ba, sai da sabuwar ɗamarar ta bayyana ya yi yawa. A cikin ambulan ɗinmu akwai mai ƙaya da marar ƙaya, an manna kowane a kwali daban.

Ƙwallayen ba su wuce ƙwayar dawa zuwa ƙaramin wake ba, iska ce cikinsu, su ne gorar da ke riƙe da ciyawar. Gwajin cire su ɗaya bayan ɗaya har reshe ya nitse bai yiwu da busasshen ba, sun motse. Na cikin barasa ma sun sha ruwa. Abin da za a yi a aji: a yanka kumburarren wuyan ganyen baƙuwar kainuwa a tsaye, ɗalibai su ga soson da ke ciki, su matse shi ƙarƙashin ruwa kumfa ta fito, sannan su kalli ƙwallon sargasum da aka tsaga da reza. Dabara ɗaya, gini daban.

Abin da ya fi ɗaukar ido a gilashin shi ne tsofaffin ganyaye. Akwai farin ɓawo a kansu mai ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, kowane ɗaki gidan wata 'yar halitta ce, ga kuma fararen bututu naɗaɗɗu kamar ƙaramar gammo, na tsutsa. Su ne ke ƙara wa tsohon reshe nauyi, ƙwallaye su tsufa su fashe, reshen ya nitse kilomita huɗu ko biyar zuwa ƙasan teku. Can ya zama abincin halittun da ba su taɓa ganin rana ba, wani ɓangare na kabon ɗin da ya zuƙa kuma ya kwanta a laka. Wannan ganye guda ya isa darasin minti 40.

Asabar, 6 ga Disamba

Hunturu ya shigo, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas. A faffaɗan ruwa ƙasa da gari, kumfa da gutsattsarin kainuwa suna jeruwa layi-layi, dogaye, suna bin inda iska ta nufa kamar kunyoyin gona. An ɗauki hoto daga tudu. Haka sargasum ke jeruwa a teku. Masanin kimiyya Irving Langmuir ya lura da layukan ne a 1927 yana ƙetare Atlantika a jirgi, ya bayyana dalilin a 1938: iska tana sa saman ruwa ya riƙa murɗawa kamar naɗin tabarma gefe da gefe, inda naɗi biyu suka haɗu ruwa ya nitse, abin da ke iyo ya taru a layin. Abinci ma can yake taruwa, ledar roba ma haka, shi ya sa ƙananan halittun da ke fakewa a sargasum suke haɗiyar roba.

Sashen kififiya ya kammala. 'Ya'yan kififiyar teku da ake ƙyanƙyashewa a yashin Fulorida, tsawonsu kamar santimita 5, suna faɗawa ruwa su ɓace shekaru, har masana suka sa wa lokacin suna shekarun ɓata. A 2014 aka wallafa sakamakon bin sawun guda 17 da ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana. An ga suna zama a saman ruwa, da yawansu suka karkata zuwa Sargaso. Ciyawar tana ɓoye su daga kifi da tsuntsu, tana ciyar da su, tana kuma riƙe ɗumin rana, wanda ke hanzarta girman dabba mai sanyin jini. An so a nuna ɗumin da kainuwa, amma bai yi ba: ƙarƙashinta inuwa ce, ma'aunin zafi bai nuna ƙari ba. An maye gurbinsa da baho biyu a rana, ɗaya da baƙin buhun algarara yana iyo a sama, ɗaya ba komai, a auna a zurfin santimita 2 bayan awa biyu.

Gyara a daftarin shafi na huɗu. An rubuta cewa kifin il na Turai da na Amurka, mai siffar maciji, yana zuba ƙwai a cikin ciyawar. Ba haka ba ne. A Tekun Sargaso yake haihuwa, kamar yadda Johannes Schmidt ɗan Denmak ya gano bayan kusan shekara 20 yana bin ƙananan 'ya'yansa, amma a zurfin ruwa, ba ruwansa da tabarmar sama. A cire shi daga jerin mazauna ciyawa, a mayar da shi akwatin bayanin tekun.

Saura: ɗiba ta ƙarshe a Janairu, lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini zai iso da sabbin tabarmi, domin a gwada da na Oktoba. Ana buƙatar rariya ta biyu, ta yanzu ta yage a gefe. Kwalaye 12 na busasshen samfuri suna jiran leda mai kauri, kuma a ajiye su nesa da bango saboda gara.